Ni Na Ce A Tura

Duk layin masu walda babu wanda bai san Tartsatsi ba, kuma ba wutar aikinsa ce ta jawo masa sunan ba, bakinsa ne. Mutum ne da in ya haɗa maka ƙyauren ƙarfe, jikokinka ma sai sun gaji da buɗe shi. Amma kafin ya gama sai ya zage ka, ya zagi wanda ya auna maka ƙofar, ya haɗa da maginin da ya karkatar da bango. Mutane suna shanye wannan saboda aikinsa. Wanda ya fi kowa shanyewa kuwa shi ne ƙanensa Auta, wanda ya tashi a hannunsa tun rasuwar mahaifinsu, ya koyi walda a gabansa, yana kuma kwana a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa.

Ga yadda suka raba aiki. Asusun shagon da sunan Tartsatsi aka buɗe shi, lambar wayarsa ce a banki, amma manhajar tura kuɗi tana cikin wayar Auta, don shi Tartsatsi ya ce yatsunsa ba na shafa gilashi ba ne. Ba ya rubuta saƙo, ba ya kuma son a kira shi yana aiki. In yana son abu sai ya danna waya ya yi magana ya aika, shi ke nan. Dokarsa ɗaya ce: in muryarsa ta iso, a aikata. Auta ya taɓa kiran sa yana kan tsani don ya tabbatar da wani saƙo, ranar kuwa ya sha wankin babban bargo a gaban masu gida. Tun daga nan bai sake ba.

A shekarar ne maganar masu satar murya ta cika gari. Wai akwai na'urar da in ta saurari mutum na ɗan lokaci, sai ta riƙa magana da muryarsa, har da tarinsa da tsakinsa. Mai sayar da taya na bakin titi an kira shi da muryar 'yarsa tana kuka wai mota ta buge ta, ya tura abin da ya tara, ya ruga asibiti, ya tarar yarinya tana makaranta lafiya lau. Wata mai ɗinki kuma da muryar mijinta aka yashe ta. Abin har ya kai uwa ta kira ɗanta, shi kuma ya tsaya yana tambayarta sunan kakarsa kafin ya gaishe ta. Banki kuwa kullum sai ya turo saƙo: kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka yarda da duk wanda ya kira ya ce daga banki yake. A layin masu walda, in an zauna shan iska, hirar ke nan. Kowa da abin da yake faɗa, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kuɗinka yana hannun banki, in an kwashe kuma su ce kai ka miƙa.

Tartsatsi dariya yake yi musu. Ya ce duk wanda aka damfara dama can wawa ne, na'ura ta dai tona masa asiri. Shi har wasa ya mayar da abin. In ɗan damfara ya kira shi, ba ya kashewa. Sai ya buɗe sifika kowa ya ji, ya sassauta murya kamar baƙauye ya shigo birni, duk abin da aka tambaye shi ya ce e. Yana jan su, yana cinye musu kati, sai sun zo kan lambar sirri sannan ya sauke musu kwandon zagi, layi ya ɗauki shewa.

Ranar da abin ya faru yana wata makaranta mai zaman kanta da ta ba shi aikin babban ƙyaure da tagogi, har ta biya kuɗin ƙarfe tun kafin a fara. Yana tare da maƙwabcin shagonsa, Mai Fenti, mutumin da ba ya rasa abin cewa a kan kowa. Auta yana shago. Da rana tsaka wayar Tartsatsi ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya ajiye ma'auni ya ɗauka.

"Barka da rana," in ji wata murya ta mace, a natse. "Daga banki nake kira. Da mai asusun shagon walda nake magana?"

Tartsatsi ya kashe wa Mai Fenti ido, ya buɗe sifika. Leburori biyu suka matso.

"Shi ne da kansa, ranki ya daɗe. Ga shi nan tsaye har ya cire hula."

"Yallaɓai, mun ga ana ƙoƙarin tura kuɗi masu yawa daga asusunka zuwa wani asusun da ba ka taɓa hulɗa da shi ba. Mun riƙe tukuna. Da saninka ake turawa?"

"Da sanina mana! Ai ni na ce a tura."

Mai Fenti ya toshe baki, dariya tana fita ta hanci.

"Ina jin hayaniya a wurinka, bari in sake tambaya. Kai ka ba da umarni, kuma ka san mai karɓa?"

"Na san shi kamar yunwar cikina. Tare muka yi wasan ƙasa. Ki saki kuɗi su tafi, kada ki ɓata wa bawan Allah lokaci."

Ya gyara tsayuwa yana jiran ta nemi lambar sirri, zagin ma ya riga ya jera shi a baki. Sai kawai ta ce, "To, na gode. A yi aiki lafiya." Ta kashe.

"Kun gani?" in ji Tartsatsi yana mayar da waya aljihu. "Ta ji ƙamshin uban gidanta ta gudu." Aka yi dariya aka koma aiki.

Da yamma ya dawo shago a gajiye, ya tarar Auta ya share gefen da ake jingina ƙarfe, ya kwashe tarkace.

"Yaya, motar ƙarfen ba ta iso ba har yanzu."

"Wace mota?"

"Ta sabon dilan da ka ce."

"Wane dila? Kai, yau kuma me ka sha?"

Auta ya dube shi, fuskarsa ta canza. Ya ciro waya ya danna ya miƙa masa. Saƙon murya ne daga wata lamba, da hoton Tartsatsi a jiki. Murya ta fito:

"Kai sarkin nawa, wayata ta faɗo daga tsani ta fashe, da ta wani nake magana. Na samu dila mai rahusa, motarsa tana jira. Ka tura masa kuɗin ƙarfen makaranta gaba ɗaya a wannan asusun. Yanzu-yanzu. Kada ka kira ni, ina sama."

Har da tsakin da yake ƙarasa magana da shi.

Tartsatsi ya mayar da saƙon farko. Ya sake saurara. Ya kai wayar kunnen dama, wanda injin yanka ƙarfe bai cinye ba, ya sake. Wallahi da ba shi ne shi ba, da ya rantse shi ne. Ya ciro tasa wayar daga aljihu, lafiyarta ƙalau, ya ajiye ta a kan teburin ƙarfe tsakaninsu.

"Ka tura?"

"Ka ce yanzu-yanzu, Yaya."

"Duka?"

Auta ya sunkuyar da kai.

Abin mamaki, Tartsatsi bai yi zagi ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Tsayawa ya yi yana kallon ƙanensa, kallon da bai taɓa yi masa ba, irin wanda ake yi wa ƙarfen da ake zargin an shafa masa fenti don a ɓoye tsatsa.

Washegari suka je banki tare. Layi har bakin ƙofa, kuma rabin masu layin irin kukansu ɗaya. Wani dattijo yana ta faɗa wa mai gadi cewa in banki ba zai iya gane ɓarawo ba, to a ba shi kuɗinsa ya koma binnewa a ɗaki. Da aka zo kansu, wani saurayi mai ɗaure da wuya ya saurare su, ya duba kwamfuta, ya ce kuɗin sun riga sun bar asusun da aka tura, an rarraba su. Za a bincika, su dawo mako mai zuwa su ga mai kula da irin wannan a bene.

Auta ne ya yi duk bayanin, ya yi shi kuma tsaf, yana ambaton abubuwan da Tartsatsi ko sunansu bai sani ba. Tartsatsi yana gefe yana kallon bakinsa. A ransa ya ce, yaron nan ya san abin nan da yawa. Yaushe ya san shi haka?

Da suka dawo, Mai Fenti ya ja shi bayan shago, inda yake dama fenti.

"Ni fa ba na son shiga tsakanin 'yan'uwa," ya fara, wanda duk mai hankali ya san haka mai shirin shiga yake farawa. "Amma da ɗan gari akan ci gari. Ita na'urar a ina ta san kana ce masa sarkin nawa? A ina ta san makaranta ta biya? A ina ta san ranar kana kan tsani?"

Mai Fenti ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Wa yake ɗaukar ka bidiyo yana sa wa a waya don talla? Wa yake yanke muryarka yana haɗawa? Sannan ka tuna wadda ta kira ka muna makaranta? Banki ba ya kiran mutum, su da kansu suke faɗa. Muryar yarinya ce. Ta kira ne ta ji ko ka farga. To wa yake da budurwa a shagonku, yana neman kuɗin aure?"

Ya ci gaba da dama fentinsa kamar bai ce komai ba.

Zargi kuwa in ya shiga zuciya, ba ya neman abinci, komai ya gani ci yake yi. Daga ranar duk abin da Auta ya yi sai ya zama shaida. In ya yi shiru, rashin gaskiya ne ya hana shi magana. In ya yi magana, yana son ya rufe ne. In wayarsa ta yi ƙara ya fita waje ya amsa, to da ita yake ƙus-ƙus. Da ya rage cin abinci ya rame, Tartsatsi ya ce a ransa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Takalmin da yaron ya saya tun kafin wannan magana, wanda shi Tartsatsi ya yi masa tsiya a kai, yanzu ya koma sabo a idonsa. Ya karɓe makullin akwatin kayan aiki ba tare da ya faɗi dalili ba. Ya sa aka cire manhajar daga wayar Auta. In abokin ciniki ya zo biyan kuɗi, sai ya miƙe da sauri ya tare shi tun daga bakin titi.

Auta yana ganin duk wannan. Sau ɗaya ne, suna rufe shago, ya ce, "Yaya, na san na yi kuskure. Da na kira ka."

"Da ka kira ni," in ji Tartsatsi, yana maimaitawa a hankali, kamar yana auna nauyin maganar.

Matarsa ta lura. Tana yanka albasa a tsakar gida ta ce, "Baban yara, wannan kallon da kake yi wa Auta ba na son shi. Yaron nan ni na riƙa wanke masa kayan makaranta. Ko canjin cefane ya rage a hannunsa sai ya dawo da shi."

"Mutum yana canzawa."

"Yana canzawa. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ka jira banki mana."

"Banki!" Ya yi tsaki. "Su da suka buɗe wa ɓarawo ƙofa suna kallo? Ko tari ba su yi mini ba."

"To ka tambaye shi baki da baki, in har zuciyarka ta kasa."

Bai tambaye shi ba. Tambaya tana buƙatar mutum ya shirya jin amsa, shi kuwa ya riga ya gama shari'a a cikinsa, hujja kawai yake nema ya kama a hannu. Ga mai makaranta yana ta aiko masa yana tambayar ina ƙyaure, ga dare ba barci. Yana son ƙanensa, wannan ko shi bai musa ba, kuma son ne yake sa abin yake cin sa kamar wuta.

Ana saura kwana kaɗan su koma banki, da hantsi, ya aiki Auta kasuwa sayen sandunan walda. Yaron yana karya kwana shi kuma ya rufe shago rabi ya nufi gida. Ƙofar ɗakin Auta shi ya haɗa ta da hannunsa, ya san inda sakatarta take da rauni, bai sha wahala ba. Ɗakin yana nan fes: katifa a ƙasa, kaya a rataye jikin ƙusa, fanka ƙarama, kofin shayi a kife. Ya duba aljihunan riguna. Ya zazzage jaka. Ya leƙa cikin takalmin nan. Shi kansa bai san me yake nema ba, ko wata waya ta biyu, ko damin kuɗi. Daga ƙarshe ya durƙusa ya cusa hannu ƙarƙashin katifa har kafaɗa, yana lalube. Tsohuwar caja ya taɓo, da safa ƙafa ɗaya.

Hasken ƙofa ya ragu. Ya waiga.

Auta ne tsaye, ya dawo ɗaukar hular kwano ta babur da ya manta. Bai yi ihu ba, bai tambayi me ake yi ba. Ya dai tsaya yana kallon yayansa a durƙushe, hannu a ƙarƙashin katifa.

"Ka samu, Yaya?"

Nan ne Tartsatsi ya yi abin da masu irin halinsa suke yi in kunya ta kama su: ya mayar da ita faɗa. Ya miƙe yana huci. "Gidana ne, in duba inda na ga dama! In ba ka da abin ɓoyewa, me ya dame ka? Kai da wannan yarinyar taka kuna tsammani ban san ita ta kira ni ba? Na ɗauke ka tun kana majina, ka rasa wanda za ka yanka sai ni?"

Matarsa ta fito da gudu tana salati. Auta ya saurara har ya gama. Sannan ya ciro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan taga, ya tattara kayansa a jakar da aka zazzage, ya durƙusa ya gaida matar yayansa, ya fita. Daga baya aka ji ya samu aiki a wani shagon walda can ƙarshen gari, kusa da masu gyaran manyan motoci.

"Ka gani?" in ji Mai Fenti. "Mai gaskiya ba ya gudu."

Ranar komawa banki Tartsatsi shi kaɗai ya je, ya kuma je da shirinsa. Aka hau da shi bene, wani ɗaki mai bangon gilashi, sanyi kamar cikin firji. Wata mata ce a zaune, ba yarinya ba, da tabarau a goshi da kofin ruwa a gabanta. Tun kafin ya zauna ya fara. Ya ce su ne manyan ɓarayin. Ya ce sun iya cire kuɗin saƙo da kuɗin kati ba sa mantuwa, amma an kwashe masa dukiya da rana tsaka ba wanda ya ce masa ci kanka.

Ta bar shi ya sauke. Sannan ta ce, "Yallaɓai, mun riƙe kuɗin nan. Mun kuma kira ka. Ni na kira ka da kaina."

"Ƙarya ne!"

"Muna naɗar duk kiran da muka yi. Bari ka ji."

Ta danna kwamfuta. Muryarta ta fito, a natse, tana barka da rana. Sai wata murya ta amsa, tana wani lanƙwasa: "Shi ne da kansa, ranki ya daɗe."

Tartsatsi ya buga teburi. "Wannan ma na'ura ce! Ai na gaya muku sun sace mini murya!"

"Saurara dai."

"Da sanina mana! Ai ni na ce a tura." Sai ga dariyar Mai Fenti tana fita ta hanci, dariyar da ko a cikin kasuwa Tartsatsi zai gane ta. Ga ƙarar shebur na leburori. Can nesa ga ƙararrawar makaranta, yara suna ihun tashi.

Ya zauna. Bai san lokacin da ya zauna ba. Ya ji kansa yana cewa ya san mai karɓa kamar yunwar cikinsa, ya ji kansa yana cewa a saki kuɗi su tafi. Duk sanyin ɗakin nan, zufa ta karyo masa.

"Wasa nake yi," ya ce. "Na ɗauka 'yan damfara ne. Haka nake yi musu."

"Na gane yanzu."

"To ke ba ki ji ana dariya ba? Mutum zai tura dukiyarsa yana dariya?" Ya ɗan samu ƙarfi. "Kuma ku ne kullum kuke turo mana kada mu yarda da mai cewa daga banki yake. Yau kun ce kada a yarda, gobe kun kira. Ta ina zan bambance ki da su?"

Matar ta cire tabarau daga goshi ta riƙe a hannu. "Wannan tambayar taka gaskiya ce, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Dariyar ma na ji ta, shi ya sa na sake tambaya. Da na ce ka zo da ƙafarka kafin mu saki, da ya fi. Na faɗa wa na sama da ni haka, kuma zan sake faɗa. Amma mai asusu ya ce e har sau biyu, a lambarsa." Ta ce suna bin sawun kuɗin, an rufe asusun farko, wataƙila a samu wani abu, wataƙila ba za a samu ba. Ba ta yi masa alkawari ba.

Ya miƙe zai fita, sai ya tsaya riƙe da ƙofa. "Shi wanda aka tura wa… yana da alaƙa da ƙanena?"

Ta dube shi da mamaki. "Asusun nan mutane da yawa aka yasa da shi a rana ɗaya, daga garuruwa daban-daban. Ƙanenka ai shi ma damfarar sa aka yi. Shi ya fara kiran mu da yammacin ranar yana kuka, yana roƙon a tsayar."

Tartsatsi ya sauko daga bene. A bakin banki ya samu dakali ya zauna, motoci suna wucewa bai gan su ba. Ya ciro waya ya shiga bidiyoyin tallan shagon, waɗanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ga shi nan a gaban wani ƙyaure yana surutu ba numfashi. Ga shi yana daka wa mai ɗauka tsawa: "Kai sarkin nawa, matso kusa mana!" Ga wani na kwanan nan, yana bugun ƙirji wai makaranta guda ta ba shi aiki har ta biya, gobe zai hau tsani ya fara awo. Da bakinsa, a gaban duniya. Ashe babu ɗan garin da ya ci gari, shi ya buɗe wa ɓarayi ƙofa ya kuma riƙe musu fitila.

Ya daɗe yana kallon lambar Auta kafin ya danna. Ta yi ta ƙara har ya fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Auta, ni ne. Daga banki nake. Na ji komai. Ba kai ba ne, ni ne. Ka yi haƙuri, ƙanena. Ka dawo gida."

Ana jin bugun guduma can bayan Auta.

"Wa ke magana?"

"Ni ne mana, yayanka!"

"Haka wancan ma ya yi kama da shi," in ji Auta. Ba da gatse ya faɗa ba, a gajiye ya faɗa. "Ni yanzu ba na aiki da murya." Ya kashe.

Tartsatsi ya hau babur ya ratsa gari. Unguwar masu manyan motoci duk baƙin mai ne da ƙura, sai da ya yi tambaya sau biyu kafin a nuna masa shagon. Rumfa ce ta kwano, ba ta kai rabin tasa ba. A ciki wani yana tsugune yana haɗa ƙafar tankin ruwa, fuskarsa a rufe da garkuwar walda. Ko ba a faɗa ba ya gane shi, don yadda yake karkatar da gwiwar hannu, shi ya koya masa.

Ya tsaya har aka ɗaga garkuwar. Auta ya gan shi, ya miƙe, ya gaishe shi da ladabi kamar kullum, ya jawo masa benci ya goge da tsumma. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Tartsatsi bai zauna ba. Ya faɗa masa komai a tsaye: kiran, wasan, dariyar, bidiyon. Bai rage wa kansa komai ba. Mutumin da duk layi ke tsoron bakinsa, yau ga shi yana haɗa kalma da ƙyar.

"Ga ni da ƙafata," ya ce. "Ba murya ba ce. Ka yafe mini, ka zo mu tafi. Yara suna ta tambayarka."

Auta ya daɗe yana juya safar hannu. Idonsa ya cika da ƙwalla, amma bai bari ta zubo ba.

"Na yafe, Yaya. Wallahi na yafe, tun kafin ka zo. Kuɗin ma in Allah ya hore mini zan taimaka a yi wa makaranta ƙyaurenta." Ya ajiye safar hannun. "Amma ba zan iya komawa ɗakin nan ba. Muryar da ta cuce ni, na san na'ura ce ta haɗa ta. Hannun da na gani a ƙarƙashin katifata kuwa naka ne."

Mai shagon ya leƙo daga ciki ya ce mai tanki yana hanya. Auta ya ce to. Ya ce wa yayansa ya gaida gida, ya gaida yara. Sannan ya tsuguna, ya sauke garkuwar a fuskarsa, ya ɗora sanda a kan ƙarfe, wuta ta tashi.

Tartsatsi ya fi kowa sanin ba a kallon wutar walda da ido tsirara, ya sha zagin yara a kan haka. Amma ya tsaya a wurin yana kallo, bai kau da kai ba, har ruwa ya fara bin fuskarsa.